Wa Aka Tambaya? Yadda Ra'ayin Siyasa Ke Ginuwa da Yadda Ake Auna Shi a Arewacin Zamfara

Ranar 25 ga Fabrairun 2023, Zamfara ta ba Bola Tinubu na APC ƙuri'a 298,396, Atiku Abubakar na PDP ya tashi da 193,978. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, mutanen nan dai suka koma rumfunan nan dai, sai Dauda Lawal na PDP ya samu 377,726, ya kayar da gwamna mai ci, Bello Matawalle na APC, wanda ya tsira da 311,976. Duk wanda ya riƙe sakamakon Fabrairu ya ce ya gama sanin zuciyar Zamfarawa, ya sha kunya a Maris.

Mutanen Shinkafi sun taɓa ganin irin wannan a kan ɗansu. Mamuda Aliyu Shinkafi ya hau kujerar gwamna a 2007 a jam'iyyar ANPP, ya sauya sheƙa zuwa PDP mai mulkin tarayya a tsakiyar wa'adinsa, sannan Abdul'aziz Yari na ANPP ya kayar da shi a 2011. Matawalle ma ya bar PDP ya koma APC a Yunin 2021, aka yi masa babban gangamin tarba a Gusau, bai kai ga wa'adi na biyu ba. Gwamnoni biyu ke nan da suke da gwamnati a hannu, da masu ba da shawara, da masu kawo rahoto daga kowace mazaɓa, amma abin da ke cikin ran talaka ya ɓuya musu. Daga ina ra'ayin nan yake fitowa, kuma da me ake auna shi?

Ra'ayin siyasa a gida yake fara tsiro. Yaro yakan tashi ya tarar da hoton wani ɗan takara manne a zauren gidansu, ya ji sunan da mahaifinsa ke ambata da yabo da wanda yake ambata da tsaki, tun bai san mene ne katin zaɓe ba. Daga nan sai majalisa. Ka tsaya a kowace unguwa ta Ƙaura Namoda bayan sallar isha'i: ga benci ko tabarma a ƙofar gida, ga teburin mai shayi a gefe, wani ya ƙure muryar rediyo, wani ya kunna saƙon murya da aka turo masa ta WhatsApp. Labarin bai wuce minti biyu ba, amma fassararsa takan kai sha ɗayan dare. A kowace majalisa kuma akwai mutum ɗaya ko biyu da ake jiran ta bakinsu: tsohon malamin makaranta, ko direban da ke zirga-zirga tsakanin Ƙaura da Gusau, ko wanda ɗan'uwansa ke aiki a sakatariya. Idan ya ce maganar nan akwai lauje cikin naɗi, shi ke nan, haka za ta shiga gidaje.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A zaɓen Amurka na 1940, Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun bi wasu masu zaɓe na gundumar Erie a jihar Ohayo wata da watanni, suna komawa suna yi musu tambayoyi. Sun zaci jarida da rediyo ne ke juya mutane, sai suka tarar saƙon yakan fara sauka ne a kan wasu tsirarun mutane masu bin labarai, su kuma su isar wa na kusa da su da irin fahimtarsu. Sashen Hausa na BBC yana magana da mutanen Arewa tun 1957, amma mai sauraro a Zurmi ba shi kaɗai yake saurare ba, da majalisarsa yake ji.

Sai masallaci. Wanda ya ga yadda shelar Shari'a da gwamnan lokacin, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya yi a Oktoban 1999 ta tara jama'a a Gusau ba ya buƙatar a gaya masa nauyin malami a siyasar jihar nan. Sai kasuwa: ranar Alhamis a Shinkafi, mai dabbobi daga Zurmi da mai hatsi daga Isa da baƙo daga Nijar sukan yi musayar labari kafin su yi ta kaya. Mata kuwa suna da nasu zauren, a gidan biki da suna da makarantar Islamiyya, kuma kada a manta matan Arewa ba su da ƙuri'a a Jamhuriya ta Farko, sai a 1979 suka fara shiga babban zaɓen ƙasa. Akwai ubangida, wanda yaransa ke bin sa duk inda ya juya. Akwai taliya da atamfa da sabulu na daren zaɓe, waɗanda nake ganin ana ba su girman da ya fi ƙarfinsu, domin mutane da yawa sun iya karɓa da hannun dama su dangwala abin da suka ga dama.

Amma a arewacin Zamfara yau akwai malamin siyasar da ya fi duk waɗannan ƙarfi, wato abin da mutum ya gani da idonsa. Manomin da bai iya zuwa gonarsa da damina ba, ko wanda ƙauyensu ya haɗa kuɗi ya biya 'yan bindiga kafin a bar su su girbe abin da suka shuka, ko wanda ya sayar da shanunsa ya fanso ɗansa, ba waƙar kamfe ce za ta gaya masa yadda gwamnati take ba. Irinsa ne kan ajiye "sak", wato dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, ya koma zaɓen cancanta, kuma yakan yi haka ba tare da ya gaya wa kowa ba.

To ta yaya ake gane abin da irin wannan mutum yake so? 'Yan siyasarmu da cikar fili suke awo. Ma'auni ne mai ruɗi, domin mota aka kawo, kuɗin mai aka bayar, kuma matashin da ya cika filin wannan ɗan takara ranar Talata shi ne zai cika na abokin hamayyarsa ranar Asabar. Sojojin baka na rediyo kuwa aikinsu suke yi, an biya kuɗin filin. Ƙuri'ar da ake jefawa a Facebook ta nuna ra'ayin mai babbar waya da kuɗin data ne kawai, kuma mutum ɗaya yana iya dannawa da shafi biyar.

Yawa ba ya maganin karkata. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta yi shelar Alf Landon zai kayar da Shugaba Roosevelt. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Yawancin sunayen ta samo su ne daga kundin masu tarho da masu mota, a shekarun da talaka ba ya da ko ɗaya, kuma waɗanda suka damu su mayar da takardar sun fi karkata ga Landon. Wani mai jin ra'ayin jama'a, George Gallup, da mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawa ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Mai awon hatsi ya san dalilin: ba ya zazzage buhu duka, amma ba ya yarda da na saman da aka gyara, sai ya zura hannu har ƙasa ya damƙo.

Ƙa'idar ita ce kowane baligi ya kasance yana da damar a faɗo kansa, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓi wanda za a tambaya, ba son ran mai tambaya ba. Idan an kiyaye wannan, mutum 1,000 sun isa su nuna ra'ayin miliyoyi, da kuskuren da bai fi kashi 3 cikin 100 sama ko ƙasa ba. Haka cibiyar Afrobarometer take aiki tun 1999: ana zaɓo unguwanni daga taswirar ƙidaya, a bi gida-gida, a yi hira ido da ido cikin harshen mai amsa, namiji a wannan gida, mace a na gaba. A Najeriya takan tambayi mutum 1,600.

Ga inda gizo ke saƙar. A ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi, Zamfara tana da mutum kusan miliyan 3.3 cikin miliyan 140. Idan aka raba 1,600 bisa wannan lissafi, rabon jihar duka bai kai mutum 40 ba. Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da Birnin Magaji, wato mazaɓar sanatan Zamfara ta Arewa, sai dai su samu 'yan ƙalilan daga ciki. Wannan ya isa a faɗi ra'ayin Najeriya, bai isa a faɗi na Zurmi ba. Taswirar ma ta tsufa, domin wasu ƙauyukan da ke cikinta sun watse, mutanensu suna zaman gudun hijira a cikin gari. Wasu kuma suna nan, amma babu kamfanin da zai tura ma'aikacinsa can.

Sai a ce a buga waya. Kafin zaɓen 2023, kamfanin NOIPolls ya yi wa gidauniyar ANAP jin ra'ayi ta waya, wanda ya nuna Peter Obi a gaba. Obi ya zo na uku. Mutane sun riƙe sunan wanda ke gaba, sun manta cewa waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba da waɗanda suka ƙi faɗa sun fi magoya bayan kowane ɗan takara yawa a cikin binciken. A Zamfara kuwa, a Satumbar 2021 gwamnati ta sa an katse layukan waya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako. Ban da Gusau, sauran yankunan sun yi fiye da wata biyu a haka. A lokacin da ya fi dacewa a ji ta bakin mutanen Shinkafi, babu lambar da ke shiga. Ko da sabis, wayar gidan sau da yawa a aljihun maigida take, ra'ayin uwargida bai shiga lissafi ba.

Mafi wuyar duka shi ne tsoro. A yankin da ake zargin maƙwabci da zama infoma, baƙo ya zo da takarda ya tambaye ka ko ka goyi bayan sulhu da 'yan bindiga ko a ci gaba da yaƙi, me za ka ce? Za ka ce Allah dai ya kawo mana sauƙi. Masaniyar Jamus Elisabeth Noelle-Neumann ta bayyana a 1974 yadda mai ganin ra'ayinsa ba shi da rinjaye yake yin gum, shirunsa kuma ya sa wasu su yi gum, har a ɗauka kowa ya yarda. Afrobarometer ta san da wannan matsala, shi ya sa a ƙarshen hira takan tambayi mutum wa yake zaton ya aiko su, kuma da yawa sukan ce gwamnati. Akwai dabarar rage tsoron: a karanta wa mutum jerin abubuwa, a ce ya faɗi guda nawa ya yarda da su ba tare da ya ambaci waɗanne ba. Rabin mutanen a ba su jeri mai huɗu, rabin a ƙara musu na biyar, wato tambayar mai zafi. Bambancin lissafin ɓangarorin biyu shi zai nuna yawan masu wannan ra'ayi, ba tare da an san na kowa ba.

Akwatin zaɓe ma ba ya faɗar komai da komai. A zaɓen gwamna na 2019 Mukhtar Shehu Idris na APC ya samu ƙuri'a 534,541, Matawalle 189,452, amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC saboda ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, aka rantsar da wanda ya zo na biyu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kuwa, kusan kashi 27 cikin 100 na masu rajista ne kawai suka fito a faɗin ƙasa.

A ganina, babban giɓin shi ne ba a tambayar mutanen yankin nan sai lokacin zaɓe, kuma ba a tambayar su komai sai sunan ɗan takara. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna da malamai da ɗalibai 'yan ƙasa, masu jin harshen da sanin hanyoyin. Ya kamata a ba su kuɗi da 'yanci su riƙa tambayar jama'a duk shekara a kan tsaro da taki da asibiti da makaranta, su buga sakamakon da Hausa, a karanta a rediyo. Kafin nan, mai karatu, duk ranar da aka ce maka bincike ya nuna wane ne a gaba, ka nemi sanin wanda ya biya kuɗin binciken, da mutum nawa aka tambaya, ta waya ko ido da ido, da nawa ne suka ƙi amsawa. Idan mai maganar ya kasa gaya maka, kada ka tura wa kowa.