Sarrafa Gudun Ƙaramin Moto: Daga Jirgin Ƙasan Kwaikwayo Zuwa Keken Ɗinki a Birnin Zariya

Dogo bai ratsa ganuwar Zazzau ba. Da layin Baro zuwa Kano ya biyo ta Zariya, kafin ya isa Kano a 1911, a wajen birni aka kafa tasha, a nan kuma Sabon Gari ya bunƙasa. Daga wannan tasha ƙaramin layin da ya nufi ma'adinan kuza na Jos ya tashi, wanda aka rufe a 1957, haka ma layin Gusau da ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Mutanen birni sun san jirgi, sun kuma ba sassansa suna: kan jirgi, tarago, dogo. Abin da bai shigo cikin al'adarsu ba shi ne jirgin ƙasan kwaikwayo mai tafiya da lantarki, wanda manya ke kashe wa dukiya a Jamus da Ingila da Amurka da Japan. Yaron birni motar kara da ta gwangwani ya gada. Duk da haka, matsalar da ta fi damun masu wancan wasa, wato yadda za a sa ƙaramin moto ya yi tafiya a hankali ba tare da fizga ko cijewa ba, ita ce telan birnin Zariya ke fama da ita a ƙarƙashin ƙafarsa kullum.

A sikelin da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira HO, ana rage komai sau 87. Kan jirgin gaske da ke rarrafe a kilomita 8 cikin awa domin haɗa taragu a tasha, kwaikwayonsa zai ci kimanin santimita biyu da rabi ne kawai a daƙiƙa. Gudu ba ya ba kowa wahala. A wannan tafiyar hawainiya ake gane kan jirgi mai kyau.

Tsohuwar hanya ita ce a aika wutar da ba ta wuce bolt 12 ba ta cikin dogo, a sa rizisto a tsakani yana rage ta. Illar wannan tana da tushe biyu. Na farko, abin da ke tsaye ya fi abin da ke tafiya wuyar turawa, kamar yadda duk mai tura kura ya sani. Sai an yi ta ƙara wuta kafin moto ya motsa, da zarar ya motsa kuma wutar ta yi masa yawa, sai ya zabura. Na biyu ya fi wannan muni. Rizisto yana cin rabonsa ne gwargwadon wutar da ke ratsa shi. Idan jirgi ya zo hawa ko kwana, moto ya nemi ƙarin wuta, sai rabon rizisto ya ƙaru, abin da ke isa ga moto ya ragu daidai lokacin da ya fi bukata, jirgi ya cije. Idan nauyi ya sauka, sai akasin haka ya faru. Wato na'urar tana hana mai nema, tana ƙara wa wanda ya ƙoshi.

Tsohuwar fedar keken ɗinki mai moto a kan wannan tsari aka gina ta. A cikinta akwai faya-fayan kabon da aka jera. Idan ƙafa ta danna su suka matsu, wuta ta fi wucewa. Shi ya sa keke ke yin gurnani ba ya motsi, sa'annan ya ɓalle da gudu, shi ya sa kuma feda ke ɗaukar zafi. Hannun dama na tela da ke kai wa ƙafar keke agaji a farkon kowane layi yana yin aikin da lantarki ya kasa yi ne. A garin da sunansa ya fita da aikin babbar riga, inda ake auna ɗinkin keke da ma'aunin aska takwas ta hannu, zarcewar allura sau uku a bakin aljihu ko wuyan riga asarar shadda ce.

Gyara na farko shi ne a daina rage wa wutar ƙarfi, a riƙa yanka ta gutsi-gutsi. Ana ba moto cikakkiyar bolt 12 na ɗan ƙanƙanen lokaci, a ɗauke, a sake bayarwa. Idan a kashi ɗaya cikin goma na lokaci wuta take kunne, matsakaicinta bolt 1.2 ne, amma kowane gutsure yana zuwa da cikakken ƙarfinsa, yana zungurar moto ya hana shi cijewa. Ana iya kiran wannan dabara gutsura wuta. Tana da nata aibin. Gutsure masu tazara suna sa moto ƙugi da zafi, har su ƙona irin moton nan marar ƙarfe a amecha. Idan kuma aka matse su suka kai dubu 16 ko fiye a daƙiƙa, ƙugin ya ɓace wa kunne, amma zungurar ma ta tafi da shi.

A nan gyara na biyu ya shigo, shi ne kuma ya raba gardama. Duk moton da ke juyawa janareta ne a lokaci guda: yana haifar da tasa wutar da ke adawa da wadda ake ba shi, yawanta kuma daidai yake da saurin juyawarsa. Na'urar zamani takan ɗauke wuta na ɗan ƙiftawa, sau da yawa a kowace daƙiƙa, ta auna wannan wuta da moto ke mayarwa, ta gane hakikanin gudunsa, ta kwatanta da gudun da aka umarta. In ya gaza ta faɗaɗa gutsure, in ya zarce ta tsuke shi. Moto ya zama mai ba da rahoton kansa, ba a bukatar wani ma'auni na dabam.

Wannan aiki dikoda ce ke yin sa, wata 'yar na'ura da ba ta kai kan ɗan yatsa ba, da ake dasawa cikin kan jirgi. Tsarin da ya fi karɓuwa, DCC, ya samo asali ne daga kamfanin Lenz na Jamus a ƙarshen shekarun 1980, ƙungiyar masu jirgin kwaikwayo ta Amurka, NMRA, ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990. Dogo yana ɗauke da cikakkiyar wuta koyaushe tare da saƙonni, kowace dikoda tana amsa lambarta. Ana iya raba gudu mataki 14 ko 28 ko 128, a kuma saita wutar farawa da saurin ɗaukar gudu da na tsayawa. Masu aikin sun san cewa dikoda ba ta gyara giyar da ta bushe ko dogo mai datti. Domin haka ake fara wanke ƙafafu da sa mai, a sauya moto mai rassa uku da mai biyar, a ƙara kafasito da zai riƙe wuta idan ƙafa ta hau ƙura.

Keken masana'anta ya bi irin wannan hanya. Motonsa na da, mai kuloci, yana juyawa ne da cikakken gudu tun daga kunnawa, ko ana ɗinki ko ba a yi, tela kuma yana samun tafiya a hankali ne ta hanyar goga kuloci da dabarar ƙafa, abin da almajirin ɗinki kan daɗe bai iya ba. Moton sarbo da ke maye gurbinsa yana auna juyawarsa, yana tsayawa cik idan an ɗaga ƙafa, yana iya sa allura ta sauka ɗaya bayan ɗaya. Ga shagon da ke sayen man janareta ko ya dogara da sola, rashin cin wuta a lokacin da ba a ɗinki ya kai saitin gudun muhimmanci.

Ga mai nazarin harshe, abin lura shi ne inda kalmomin suka tsaya. Duk abin da hannu ke taɓawa ya sami suna a bakin masu gyara: kabon, amecha, koyil, feda, kuloci, har da dikoda da ta shigo ta hanyar tauraron ɗan'adam. Abin da ido ba ya gani shi ne ya rage babu suna. Kalmar wuta ita kaɗai ke ɗauke da ƙarfin turawa da yawan kwarara da abin da mita ke ƙirgawa, alhali bayanin rizisto da aka yi a sama ya dogara ne kacokan a kan bambance na farko da na biyu. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa fannin harshe da adabi wannan hidima. A fannin lantarki, mai gyaran keken ɗinki da ke son ya bayyana wa yaronsa dalilin da feda ke zafi yakan kai tsakiyar jimla ya koma Turanci, ko ya ce wuta ce ta yi yawa, alhali wutar da ta kai ga moto kaɗan ce.