Allon Sinima Mai Huji da Muryar da ke Bayansa

Dattawan Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san majigi: a kafa farin ƙyalle a fili, lasifika kuwa tana can kan mota, hoto gabas murya yamma. Masu gidajen sinima ba su yarda da wannan rabuwa ba. Bayan fim mai magana ya fito a Amurka a 1927, sai suka ɓoye lasifika a bayan allo, domin magana ta fito daga inda bakin ɗan wasa yake. Suka kuma huhhuda allon don sauti ya sami hanya. Kowane huji bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, kuma in an tara su duka, wajen kashi 5 cikin 100 ne na allon.

To, ba kowane sauti ke wucewa lafiya ba. Sauti yana tafiya wajen mita 340 a daƙiƙa. Kakkauran amo irin na tambari, mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, tsawon zangonsa ya haura mita 3, allon bai isa ya tare shi ba. Siririn sauti mai kaɗawa sau 10,000 kuwa, zangonsa santimita 3 ne da ɗoriya. Kaɗan ke ratsawa, saura ya koma baya, ya bugi lasifika da bango, ya sake dawowa a makare, ya ci karo da wanda ke fitowa. A wata kujerar su ƙarfafa juna, a wata su kashe juna. Lasifikar da aka saita ta harba murya tsakiyar zaure, sai allo ya rage mata kaifi, ya baza ta gefe.

Wannan ya shafe mu, mu ɗaliban harshe. Bambancin sara da tsara da shara yana cikin siririn sautin nan ne. In ya dushe, mai sarar itace ya zama mai shara. Shi ya sa ake lulluɓe bangon baya da abin da ke shanye amo, a kuma ƙara wa siririn sauti ƙarfi.

A 2017 kamfanin Samsung ya fito da allon sinima mai haskaka kansa, wanda ba shi da huji. Lasifika ta sake komawa waje, kusan inda mai majigi ya ajiye ta.