Gasar Tayi Tsakanin Masu Sayar da Kayan Jinya: Misalin Asusun Medicare a Ƙasar Amurka

A shekara ta 1965 ne Majalisar Dokokin Amurka ta kafa asusun inshorar lafiya wanda a ke kira Medicare, domin mutanen da suka kai shekara 65 da haihuwa. A 1972 aka shigar da naƙasassu cikinsa. Asusun nan ba kuɗin likita da na kwanciya asibiti kaɗai ya ke biya ba. Yana kuma biyan kuɗin kayan da majiyyaci zai koma gida da su ya daɗe yana amfani da su, kamar keken guragu, da gadon jinya, da sandar dogarawa, da na'urar da ke tace iskar oksijin domin mai ƙarancin numfashi, da 'yan tsinkayen da mai ciwon sukari ke ɗiga jini a kansu don ya san matsayin ciwonsa. Gwamnati ba ta ƙera waɗannan kaya, ba ta kuma tara su a sito. Kamfanonin 'yan kasuwa ne, manya da ƙanana, ke kai wa majiyyaci har gida, sa'an nan su aika wa asusun da takardar neman biya. Bisa ƙa'ida asusun ya kan biya kashi 80 cikin 100, majiyyaci ya cika sauran 20.

To, a irin wannan ciniki likita ne ke rubuta kayan, majiyyaci ne ke amfani da su, asusu kuwa shi ke biyan mafi yawan kuɗin. Babu ko ɗaya cikin ukun da zai tsaya gaban mai kaya ya ce a rage. Saboda haka tilas hukumar da ke riƙe da asusun ta yanka farashi da kanta. Tun daga 1989 ta yi aiki da wani jadawalin farashi wanda aka gina bisa kuɗin da kamfanoni suka riƙa caji a 1986 da 1987, a kan kuma ɗan ɗaga shi lokaci lokaci saboda tsadar rayuwa. Amma fa a cikin shekarun nan kuɗin ƙera na'urori da yawa sauka ya yi, jadawalin kuwa bai bi shi ba. Ofishin Babban Mai Bincike na Ma'aikatar Lafiya ya bayyana a 2006 cewa na'urar oksijin da a ke saye a kan dala 587, asusun ya kan amince da hayarta ta wata 36 a kan dala 7,215. A 2009 ofishin ya sake nuna cewa a farkon rabin 2007, keken guragu mai inji wanda ɗan kasuwa ya saro a kan dala 1,048, an biya shi dala 4,018. Gaskiya ne akwai kuɗin kaiwa da na gyara da na zuwa dubawa a cikin wannan rata, amma ba su isa su cike ta ba.

Maganin da Majalisa ta zaɓa shi ne a sa kamfanonin su yi gasa, kowa ya rubuta kuɗin da zai karɓa, a ba masu sauƙi kwangila. Kafin a shiga bayani ya kamata a daidaita kalmomi, gama malamin da zai koyar da wannan batu da Hausa zai iske kalmomin kasuwa sun kusa dacewa amma ba su dace sarai ba. A kasuwar Hausa mai saye ne ke tayi, mai kaya ya ce albarka har sai an kai inda zai sallama. A gwanjo kuma masu saye ne ke rige-rigen ƙari, kaya su tafi ga wanda ya fi ɗagawa. Abin da a ke magana a kansa a nan gwanjo ne a juye: mai saye ɗaya ne, masu sayarwa ne da yawa, rige-rigen kuwa na ragi ne. Duk da haka kalmar "tayi" ita ta fi cancanta, domin tana ɗauke da wani sharaɗi wanda kowane ɗan kasuwa ya sani ba sai an faɗa ba, watau wanda ya taya, aka sallama masa, to ya saya ke nan. A kan wannan sharaɗi ne duk rigimar da za a bayyana ta ta'allaƙa.

Dokar kasafi ta 1997 ta ba da izinin gwaji. Aka gwada a gundumar Polk ta jihar Filorida daga 1999, da birnin San Antoniyo na jihar Tekzas daga 2001, aka sami ragin da ya kusa kashi 20 cikin 100. Dokar 2003 ta umarta a faɗaɗa shirin. Ran 1 ga Yuli 2008 aka fara a yankunan birane 10, amma mako biyu kacal aka yi Majalisa ta dakatar da shi, bayan kamfanoni sun yi ƙarar cewa an zubar da tayinsu a kan zancen takardu. Aka sake karɓar tayi, aka fara aiki ran 1 ga Janairu 2011 a yankuna 9, cikinsu har da Mayami da Dalas da Fitsbag. Ran 1 ga Yuli 2013 aka ƙara yankuna 91.

Ga yadda a ke yanke hukunci a wancan lokaci. Kowane kamfani zai rubuta farashinsa da kuma yawan kayan da zai iya kawowa. Hukuma ta jera tayin daga mafi sauƙi zuwa mafi tsada, tana tara yawan kayan, har ta kai inda jimlar ta ishi bukatar yankin. Duk wanda ke nan ko ƙasa da nan ya yi nasara. Har wa yau an keɓe wa ƙananan kamfanoni, watau waɗanda cinikinsu na shekara bai wuce dala miliyan 3.5 ba, burin kashi 30 cikin 100 na masu kwangila. Zuwa nan babu abin mamaki. Abubuwa biyu ne suka bambanta wannan gasa da sauran: na ɗaya, kuɗin da za a biya dukan masu nasara shi ne tayin da ya faɗo a tsakiyar jerinsu, na biyu, wanda aka miƙa wa kwangila yana da ikon ya ƙi sa hannu, ba tara, ba hukunci.

Misali na ƙiyasi zai fi bayyana abin. A ce kamfanoni 8 ne suka yi tayi a kan wani kaya: dala 60, 70, 80, 90, 100, 110, 120 da 130, a ce kuma biyar sun isa. Masu nasara su ne daga mai 60 zuwa mai 100, tayin tsakiya kuwa 80 ne. Nan take aibi na farko ya fito. Mai 90 da mai 100 an ce musu sun ci, amma za a biya su abin da ya gaza kuɗin da suka ce za su iya karɓa. In da gaskiya suka rubuta, to an gayyace su ne su sayar da hasara.

Aibi na biyu ya fi wannan muni. Mai 130 ya san in ya faɗi gaskiya ba zai shiga ba. Sai ya rubuta 10. Yanzu masu nasara su ne 10, 60, 70, 80 da 90. Mai 100 ya faɗi, tayin tsakiya kuma ya sauko 70. Shi mai 10 ba 10 za a biya shi ba, 70 za a biya shi, domin tayinsa kujera kawai ya sayo masa. In ya duba 70 ta yi masa, ya sa hannu. In ba ta yi ba, ya ce ya fasa, ya tafi bai yi hasarar ko anini ba. Amma ya riga ya ja farashi ƙasa, ya kuma ture wanda da zai iya kawo kayan. Tun da yake kowane kamfani na iya yin wannan lissafi, sai tayi ya daina nuna abin da kaya ke ci a zahiri. Lamba ce kawai a takarda, wadda mai ita bai ɗauki alkawarin tsayawa a kanta ba.

Masana sun hango wannan tun kafin a fara. A Satumba 2010 masana tattalin arziki da na tsarin gwanjo su 167, bisa jagorancin Peter Cramton na Jami'ar Merilan, suka rubuta wa Majalisa takardar gargaɗi. A Yuni 2011 su 244 suka rubuta wa Shugaba Obama, cikinsu akwai masu lambar Nobel. Ba gasa suka ƙi ba, gama su ne ma masu goyon bayanta. Tsarin suka ƙi. A 2012 Charles Plott da abokan aikinsa na Caltech suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutane a ɗakin bincike, inda tsarin tayin tsakiya da 'yancin fasawa ya haifar da tayin ƙarya da ƙarancin kaya, kamar yadda lissafi ya nuna.

Hukumar Medicare ta ba da amsa, amsarta kuwa ba ta rainawa ba ce. Ta ce tana tantance duk tayin da ya yi ƙasa ƙwarai, tana neman mai shi ya kawo rasit na shaidar zai iya, ta kuma ce fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka miƙa wa kwangila sun karɓa. Ga kuma ragi a fili. A yankuna 9 na 2011 farashi ya sauka da kashi 32 cikin 100 a matsakaici, hukumar ta ƙiyasta an tsimi wajen dala miliyan 202 a shekarar farko. A zagayen 2013 ragin ya kai kashi 45. Tsinken gwajin sukari da a ke aikawa ta gidan waya ya sauka da kashi 72: kwalin 50 da a da a ke biya fiye da dala 30 ya koma dala 10.41, a 2016 kuma ya koma 8.32. Majiyyaci ma ya amfana, tun da kashi 20 ɗinsa ya ragu daidai da haka.

Sai dai saukar farashi ba ta isa hujjar cewa gasar ta gano farashin gaskiya ba. Jadawalin da aka baro ya yi tsada ƙwarai, har kusan duk wata dabara da aka kawo za ta rage shi. Tambayar da ta fi wuya ita ce ko mai bukata ya sami kayansa. Yawan kayan da a ke karɓa ya ragu a yankunan gasa. Hukuma ta fassara wannan da cewa zamba da almubazzaranci ne suka ragu, wanda kuwa ya san yadda zambar kayan jinya ta yi ƙamari a kudancin Filorida ba zai yi saurin ƙaryata ta ba. Ƙungiyoyin kamfanoni da na majiyyata suka ce mutane ne ke jira, ko su saya da kuɗin aljihunsu. Alƙaluman biya ba su iya raba waɗannan biyu cikin sauƙi, gama wanda bai bukata da wanda ya nema ya rasa, dukansu ba su bayyana a littafin asusu. An kuma sami kamfanonin da suka ci kwangila a jihohin da ba su da lasisi. A Tenesi kaɗai an soke kwangila wajen 30 a 2013. A 2016 aka fara amfani da farashin gasa wajen rage na yankunan da ba a yi gasa ba, har da ƙauyuka inda mota za ta yi doguwar tafiya don kai tukunyar oksijin ɗaya. Kukan da ya biyo baya ya sa a 2018 aka mayar da ƙauyuka kan farashin da ke rabi tsohon jadawali, rabi na gasa.

Sannu a hankali aka gyara abubuwan biyu da masana suka nuna. Dokar 2015 ta wajabta wa mai tayi ya ajiye takardar lamuni, wadda hukuma ta yanka a kan dala 50,000 a kowane yanki. In tayinsa yana daidai da na tsakiya ko ƙasa da shi, aka miƙa masa kwangila ya ƙi, lamunin ya tafi. A Nuwamba 2018 kuma aka bar tayin tsakiya, aka ce za a biya kowa da tayi mafi tsada cikin na masu nasara. A misalin da ya gabata, 100 ke nan maimakon 80. Tsofaffin kwangiloli suka ƙare a ƙarshen 2018, aka yi shekara biyu ba gasa.

Da sabon tsarin aka karɓi tayi a kan rukunin kaya 16 domin zagayen 2021. A Afrilu 2020 aka cire na'urar taimakon numfashi saboda annobar korona. A Oktoba 2020 hukumar ta ba da sanarwar cewa a rukuni 13 ba za ta ba da kwangila ba, domin farashin da ya fito bai kawo tsimin da ta yi tsammani ba. Rukuni biyu kaɗai suka tsira, watau ɗamarar baya da ta gwiwa, kwangilarsu kuwa ta ƙare ran 31 ga Disamba 2023. Ana iya karanta wannan ta fuska biyu. Ko dai farashin zagayen baya ya sauka ƙasa da abin da kasuwa za ta iya ɗauka, tayi mai ɗauri ya tona haka; ko kuwa sabon tsarin ne ya zarce, tun da kamfani ɗaya mai tsada, in an bukace shi don cika adadi, shi zai yanke wa kowa farashi. Kowace daga ciki aka ɗauka, abin lura shi ne a wannan karon mai saye ne ya ji tayi ya fasa, bayan ya ɗaure masu sayarwa da lamuni don kada su fasa. A 2025 hukumar ta gabatar da shawarar a ɗauki tayin da ke matakin kashi 75 cikin 100 na jerin masu nasara, wanda a misalin kamfanoni biyar ɗin nan ya faɗa kan dala 90.