Rigar da ke Tallafa wa Baya Wajen Ɗaukar Kaya

Ciwon baya ba baƙo ba ne ga duk mai neman abinci da ƙarfinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya. Wannan na cikin abin da ya sa injiniyoyi suka ƙera wata riga da ake goyawa, a ɗaure ta a ƙugu da cinyoyi.

Idan mutum ya sunkuya zai ɗaga kaya, ƙasan bayansa ne ke ɗaukar nauyin kayan haɗe da na gangar jikinsa. Aikin rigar shi ne ta karɓi wani kaso na nauyin ta mayar da shi kan cinyoyi, sannan ta taimaka wa mai ita ya miƙe ba tare da ya ƙagare ba.

Japan, inda tsofaffi suka yi yawa kuma ma'aikata ke ƙaranci, tana sahun gaba a wannan fanni. Farfesa Yoshiyuki Sankai na Jami'ar Tsukuba ya kafa kamfanin Cyberdyne a 2004, wanda ke ƙera rigar HAL. Ita tana da batir da inji, tana karanta saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsoka ta saman fata, sai ta motsa tare da jiki. Muscle Suit ta kamfanin Innophys kuwa akwai nau'inta da ba ya buƙatar lantarki, iska ake bugawa da famfon hannu. Masu jinyar tsofaffi da manoma da ma'aikatan ɗakunan ajiyar kaya na amfani da su.

Sai dai rigar ba ta rage wa kaya nauyi, kuma tana da tsada. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya dace a ɗaga, ko da yanayin aiki ya yi kyau. Buhun siminti da leburorinmu ke sungumawa kilo 50 ne, ya haura ninki biyu.

Don haka, da riga ko babu, a lanƙwasa gwiwa, a matso da kaya kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu ana riƙe da nauyi. Masu ba da aiki kuma su samar da baro, su bar mutum biyu su kama abin da ya fi ƙarfin ɗaya.