Kunnen Da Ba Ya Ƙoshi: Masu Kayan Sauti A Gwarzo Da Kabo

Daga Kabo zuwa Garo, daga Gwarzo zuwa Getso, akwai mutanen da sauti ya shiga ransu. Cikinsu akwai mai shagon aski, da mai cajin waya, da mai gidan kallo, da angon da ya jera rediyo da wufa a falo tun kafin a kawo amarya, sai kuma masu ba da hayar lasifika don biki da maulidi da wa'azi. Abin da ya haɗa su shi ne rashin ƙoshi. Mutum zai sayi kaya bana yana yabawa, baɗi war haka ka ji yana cewa "bes ɗin bai zauna ba", ko "ba ya dukan ƙirji". Sai ya sayar a kan faɗuwa, ya cika kuɗi, ya hau mota zuwa kasuwar Sabon Gari a Kano ya ɗauko wanda ya fi girma. Ra'ayina shi ne yawancin kuɗin nan ana zuba su ne inda matsalar ba ta nan. Abin da ke hana sauti daɗi a garuruwanmu galibi ba ya cikin akwatin lasifika, don haka sauya akwatin ba zai kawo gamsuwar da ake nema ba.

Sai dai wannan ɗabi'a tana da tushe na gaskiya, kuma adalci ne a faɗe shi. Wanda ya tashi da garmaho ya ga zuwan kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma ga faifan CD da Philips da Sony suka kawo a 1982. A kowane mataki an sami ci gaba da kunne ke shaidawa: ƙarar allura ta tafi, shuuu ɗin kaset ya tafi, zare ya daina naɗewa. Mutane suka saba da cewa sabo ya fi tsoho. Abin da ba a lura da shi ba shi ne kunne yana da iyaka. Lafiyayyen kunnen matashi yana jin sauti ne daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, kuma an tsara CD, mai ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, domin ya cike wannan iyaka. A 2007 wasu masu bincike a Amurka, Brad Meyer da David Moran, sun sa mutane sauraren faifai mafi tsada da kuma sauti mai darajar CD ba tare da an gaya musu wanne ne wanne ba. A gwaji 554, kusan rabi kawai aka dace, wato daidai da abin da canki zai bayar. Wani nazari da aka yi a Jami'ar Queen Mary ta Landan a 2016 ya nuna akwai ɗan bambanci da ake iya kamawa, amma ƙanƙani ne ƙwarai. Idan a ɗakin gwaji mai shiru haka abin yake, ina ga shagon da ke bakin titin Gwarzo, inda manyan motoci da babura ke wucewa?

Batun wat ya fi kowanne cin kuɗin jama'a. Mai saye yana ganin 5000 a jikin kwali sai ya ɗauka ya ninka na maƙwabcinsa mai 500 sau goma. Da farko, yawancin manyan lambobin nan da ake rubuta PMPO kusa da su ba su da wani ma'auni da aka amince da shi. Ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai shi ne wanda ake rubuta RMS, kuma sau da yawa ɗan kaɗan ne daga waccan lamba. Na biyu, ko da wat ɗin na gaskiya ne, kunne ba ya lissafi irin na 'yan kasuwa. Ninka ƙarfin amfilifaya daga wat 100 zuwa 200 desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, ƙarin da mai saurare zai ce "ya ɗan ƙaru". Kafin kunne ya ji ƙara ta ninku sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat 100 ya koma 1000. Akwai kuma wata ɗabi'ar kunne da Harvey Fletcher da Wilden Munson suka auna tun 1933: idan sauti yana ƙasa-ƙasa kunne ba ya kama kauri sosai, da an ɗaga kaɗan sai bes ya bayyana. Shi ya sa duk kayan da aka ɗan ƙure wa ƙara a shago suke fin na gida daɗi. Mai shago ba sai ya yi ƙarya ba. Ya murɗa maɓalli kaɗan, kunnen mai saye zai ƙarasa masa cinikin.

To ina matsalar take? Tana farawa daga abin da ake kunnawa. Waƙa ko karatun da aka tura wa mutum a memori a shagon masu turi, ko wanda ya zaga waya goma ta WhatsApp, wani ma daga bidiyo aka ciro shi, an riga an matse shi an zubar da wani ɓangare nasa, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Haka tsofaffin waƙoƙin Mamman Shata da Ɗanƙwairo da aka kwafa daga kaset zuwa kaset kafin su shiga waya: lasifika mai tsada ba za ta ƙirƙiro abin da na'urar ɗauka ba ta kama ba, sai ma ta ƙara fito da lahanin fili. Wanda ya sayi sabuwar randa ya ci gaba da ɗebo ruwa daga kududdufi bai kamata ya zargi randar ba. Sai wuta. Wutar KEDCO da ke zuwa da rauni ko ta yi tsalle, da ƙaramin janareta da ke shaƙewa duk lokacin da bes ya buga, suna sa amfilifaya ta gaza ba da abin da aka nema, sai sauti ya fashe. Wannan fashewar ce ke ƙona ƙananan lasifikoki masu fitar da siririn sauti, mai kaya kuma ya ce kayan ne jabu. Na ƙarshe shi ne ɗakin kansa. Bangon siminti, daɓen tayil da rufin kwano ba silin suna mayar da sauti ya yi ta karo da kansa har magana ta cakuɗe. Kafet, labule mai kauri, kujeru, da janye lasifika daga kusurwa suna gyara abin da dubban nairori ba su gyara ba. Masallatai da yawa suna fama da wannan: ana ƙara hon a kan hon, huɗuba kuwa na ƙara dagulewa ga na cikin sahu.

Sauran abin yana cikin zuciya. A 1971 masana halayyar ɗan Adam Philip Brickman da Donald Campbell sun bayyana yadda mutum ke sabawa da kowace ni'ima har ta zame masa abin yau da kullum. Sautin da ya burge ka ranar farko, bayan wata guda shi ne ma'auninka, kuma daga kansa za ka fara neman aibi. Ido ma yana sa baki. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun nuna cewa makin da masu saurare ke ba lasifika yana sauyawa idan suna ganin girmanta da ƙirarta, saɓanin idan an sa labule. A majalisa kuwa akwai idon abokai, wanda ya fi labule nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a magana a kansa. A cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi da ke karɓar sauti, kuma idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako shi ne iyakar da babba zai saurara lafiya. A desibel 100 lokacin yana komawa kusan minti 20 a mako. Ta kuma ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke saurare. Siririn sauti ne ke fara tafiya, shi ne kuwa ke sa kalmomi su fita tar. Don haka yaron DJ da ya shekara biyar yana tsaye gaban lasifika, idan ya ce kayansa sun daina fita, mai yiwuwa kunnensa ne ya ragu. Zai ƙara ƙara, ƙarar ta ƙara cin kunnen, ya sake komawa kasuwa. Ga yaran da ke rawa daf da wufa a wurin biki, waɗanda ba wanda ya tambaye su.

Wani zai ce kuɗinsa ne, sha'awarsa ce, wasu ma a tattabaru ko doki suke kashe nasu. Gaskiya ne, kuma son sauti mai kyau ba aibi ba ne. Amma sha'awa ana yin ta ne don a ji daɗi. Mutumin da ba ya iya sauraren waƙa ɗaya har ƙarshe ba tare da ya tashi ya taɓa maɓalli ba, ya daina jin waƙa, na'ura yake saurare. Kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, kayan da ake shigowa da su sun yi tsada, kowace sauyawa na cin abin da zai sayi taki ko ya biya kuɗin makaranta.

Hujjar masu haya ta fi ƙarfi. Su kam kasuwa ce: idan na Getso ya fi ka tarin akwatuna, shi za a kira, domin mai biki da ido yake zaɓe. Ba zan musa ba. Sai dai a fili sauti na raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninku, don haka tara lasifika wuri guda yana kurmantar da na gaba ne kafin ya isa ga na baya. Rarraba matsakaita a gefen taro, da ɗaga su sama da kawunan mutane, yana isar da magana ga kowa da ƙarancin mai. A wurin wa'azi ko ɗaurin aure, wanda aka ji maganarsa sarai shi ake sake nema.

Akwai kuma mai cewa ai lasifika mai kyau ta fi marar kyau, kowa na ji. Haka ne, kuma a duk kayan sauti lasifika ce inda bambanci ya fi fitowa. Tashi daga ƙaramar rediyon roba zuwa matsakaitan lasifikoki masu inganci babban tsalle ne da ya cancanci kuɗinsa. Daga nan kowane ƙarin kuɗi ɗan abu kaɗan yake sayowa. Hanyar ganewa ba ta da wuya: mai son sauyawa ya tafi shago da waƙar da ya sani sarai, mai tsabta, a daidaita ƙarar tsohon kaya da sabon, ya juya baya, abokinsa ya riƙa sauyawa sau goma bai gaya masa ba. Idan ya kasa rabewa, kuɗin su tafi ga sitabilaiza, ko batir da inbata, ko labule.