Gandu da Gayauna a Wurin Aiki

Da zarar ruwan shuka ya sauka a Achilafiya, duk mai gidan burodi, mai injin niƙa ko mai shagon ɗinki a ƙasar Kazaure ya san abin da zai biyo baya. Yaransa za su fara makara. Wannan ya ce shuka ta riƙe shi, wancan noman fari, wani kuma a neme shi a rasa sai bayan kaka. Maigida ya yi ta faɗa yana cewa yaran yanzu ba sa son aiki. Ni ban yarda da wannan zargi ba. Wanda ya duƙa kan kunya tun sanyin asuba ba rago ba ne. Wurare biyu ne ke kiransa lokaci guda, kuma ba wanda ya zauna da shi ya raba masa yinin.

Kakanninmu kuwa sun raba shi tun tuni. A gidan gandu, 'ya'ya da ƙanne, har da masu aure, sukan fita gonar gida da safe su yi aiki zuwa wajen azahar. Bayan nan kowa ya nufi gayaunarsa, ɗan filin da maigida ya yanka masa. Gyaɗar da ya noma a can tasa ce, riɗin nasa ne, ya sayar ya yi sutura ko ya sayi akuya, ba mai tambayarsa. Akwai ranakun da ba a fita gandu sam, kamar Juma'a a gidaje da yawa. In rani ya yi, mai sana'a ya kama sana'arsa, mai tafiya cin rani ya ɗauki jakarsa. Shi kuma mai gandu nauyinsa sananne ne: ciyarwa daga rumbun gida, fartanya da garma, biyan haraji a zamanin da ake biya, da ɗawainiyar auren yaro. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma fitar da littafinta a 1972, ta lura cewa ɗa mai aure da yardarsa yake zama a gandu, kuma 'ya'yan manoma masu ƙarfi sun fi daɗewa a ciki, don ubansu na iya sauke nasa nauyin.

Abin da masana kula da ma'aikata ke kira sassaucin lokacin aiki ke nan, sai dai su a ofis suke maganarsa. A watan Disamba na 2021 gwamnatin Kaduna ta mayar da zuwa ofis kwana huɗu a mako, daga Litinin zuwa Alhamis, cikin dalilanta har da bai wa ma'aikata lokacin iyali da noma. Aka yi ta muhawara kamar an zo da baƙon abu, alhali gayauna ce aka yanka wa ma'aikaci.

Amma gandu bai taɓa zama wurin da kowa ke yin abin da ya ga dama ba, kuma nan ne masu neman sassauci sukan zame. Safiya ta gandu ce, ba tayi. Ɗan da ya tsallake gonar gida ya tafi gayauna da hantsi ya ci amanar waɗanda ya bari a duƙe. Haka in mai gidan burodi ya yarda yaronsa ya yi gona da safe a watannin damina, dole yaron ya tsaya ga kwaɓin dare ba fashi. Sassaucin yana tafiya ne in kowa ya san iyakar nasa, shi ya sa nake ganin hikimar dokar ƙwadago da ta ce a bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da ɗaukarsa. Mu mun fi sabawa da «ai mun fahimci juna», sai ranar da aka saɓa a tarar kowa da tasa fahimtar.

Sai maganar yadda ake auna aiki. Duk manomin da ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago ya san bambancin yini da jinga. Na yini sai ka tsaya a kansu. Na jinga ka nuna musu iyakar gona, ku yi ciniki, su zo lokacin da suka so. Amma mai hankali yakan zaga bayansu, don gaggawar gamawa kan sa a binne ciyawa maimakon a kashe ta, bayan kwana uku ta sake tsirowa. Malamin makarantar kuɗi ko ma'aikacin shagon kwamfuta ma haka ne: sa hannu a rajista da ƙarfe takwas bai nuna komai ba sai an duba abin da ya fito daga hannunsa.

Abin da ya fi damuna shi ne horo. Na sha jin masu sana'a suna cewa ba za su koya wa yaro sirrin aiki ba, don in ya iya zai gudu. Sai ka ga yaro ya shekara uku a shagon ɗinki bai wuce guga da sa maɓalli ba, ko a gareji yana ta wanke sifana. Manomi ba ya yi wa shanun huɗa haka. Yakan haɗa sabon sa da tsoho a karkiya ɗaya, ya haƙura da karkatacciyar kunya ta kwanaki har ƙafa ta miƙe, ko da yake ya san wata rana zai kai san kasuwa. Gwamnatin tarayya ta kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971 don kamfanoni su riƙa ba da wani kaso a horar da mutane, kuma ta hanyarsa aka fito da shirin da ke tura ɗalibai, irin na kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, su yi watanni a wurin aiki. Ɗalibin da aka mayar ɗan aiken sayo ƙosai a waɗannan watannin an cuce shi, wanda ya karɓe shi ma ya yi asarar hannu.

Gaskiya ne yaron da ya ƙware zai iya tafiya. Mai gandu ma ya san ɗansa zai ware, shi ya sa yake nuna masa inda ruwa ke kwanciya a gona, da lokacin da ake sa wake a tsakanin gero. Telan da ya yaye yaronsa da keken ɗinki da addu'a, in ɗinkin sallah ya yi masa yawa a goman ƙarshe na azumi, shagon wannan yaron yake fara aika yadi.