Ranar Kasuwa: Daga Giwa Da Makarfi Zuwa Tukunyar Uwargida A Tudun Wada

Kasuwar Tudun Wadar Zariya kullum take ci, tun safe har bayan magariba. To amma duk uwargidan da ta daɗe tana riƙe da cefanen gida a unguwar nan ta san cewa ba a nan ake yanka farashin masara da dawa da wake ba. Ana yanka shi ne a kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako: Makarfi ranar Laraba, Giwa kuma Alhamis da Lahadi. Abin da aka tashi da shi a can, shi za ki tarar washegari a bakin mai awo.

Tudun Wada dai unguwa ce da aka kafa a zamanin Turawa a wajen ganuwar birni, don baƙi 'yan Arewa. Mafi yawan mazaunanta ma'aikata ne da malamai da 'yan kasuwa, ba kowa ke da rumbu ba. Saboda haka rumbunsu shi ne waɗannan kasuwanni.

Makarfi ta yi suna wajen rake da mazarƙwaila. Giwa, wadda ke kan hanyar Funtuwa, ta hatsi ce da dabbobi. Tun da sassafe manoma ke shigowa da amalanke da babura, dillalai na tarbarsu, ga mahauta, ga masu fura, ga masu gyaran garma. A nan ake isar da saƙon biki da na rasuwa, a nan mai bashi ke haɗuwa da wanda yake bi, kuma sau tari a nan dattawa ke fara ƙus-ƙus ɗin neman aure.

Ina mata a ciki? 'Yar'uwa, ko ƙafarki ba ta taɓa taka Giwa ba, kuɗinki na zuwa. Gyaɗar da ake matse mai da ƙuli-ƙuli a cikin gidajen Tudun Wada daga irin waɗannan kasuwanni take fitowa. Daɗaɗɗiyar dabara ce mata huɗu ko biyar su haɗa kuɗin adashi da kaka, lokacin da hatsi ya faɗi, su ba wa maigidan ɗaya daga cikinsu ko wani amintacce ya sayo buhu, a raba. Buhun masara yakan ba da tiya wajen 40, kuma ribar da mai awo zai ci ta dawo gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tsalle, don haka zuwa saboda tiya biyar asara ce. Haɗakar ce ke fitar da mutum.

Sai dai a sa ido kan ma'auni. Akwai tiyar saye, akwai ta sayarwa mai bugaggen gindi, alhali sura guda Allah Ya saukar, Suratul Muɗaffifina, kan masu tauye mudu. A ce wa ɗan aike ya soka hannu har tsakiyar buhu, domin hatsin da bai gama bushewa ba ruɓewa yake kafin bazara.

Abin da ba ya yi mini daɗi shi ne yara mata 'yan talla. Laraba da Alhamis ranakun makarantar boko ne, amma za ka ga yarinya 'yar shekara goma da faranti a ka tana kutsawa tsakanin direbobi da 'yan dako har la'asar sakaliya. Uwar da ta ɗora mata ba mugunta ce ta sa ta ba, rashi ne. Duk da haka, a unguwar da ke maƙwabtaka da Kongo da Kwalejin Barewa, gara a nemi wata dattijuwa ta kai kayan a ba ta la'ada, yarinya ta tafi aji.